Tambaya da Amsa: Sabuwar kwamfuta ta zo da Windows a kai, sai na kai an yi mata aktibeshan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Na sayi sabuwar laftof a kwalinta, da Windows 11 a kai, ina kunnawa ta kai ni wajen zaɓen yare da sa suna, komai dai lafiya lau. To sai wani abokina yake ce min wai dole sai na kai an yi mata aktibeshan na biya kuɗi, in ba haka ba bayan wata ɗaya zata rufe kanta. Na zazzage kwalin kaf ban ga wata lamba ba. Dan Allah gaskiya ne? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sanya alheri ya sa a mora. Ka kwantar da hankalinka, indai daga kamfani ta fito da Windows ɗin a kai, irin su HP ko Dell ko Lenovo ko Acer, to an riga an biya kuɗin lasisin, yana cikin kuɗin da ka sayi kwamfutar, babu wanda zaka ƙara ba wa ko sisi. Aktibeshan ɗin kam ana yi, amma ita ce take yi da kanta, da zarar ka haɗa ta da intanet zata tuntuɓi Microsoft su tabbatar lasisin na gaske ne shikenan an gama, sau da yawa ma kafin ka gama saitin farko ta riga ta yi baka sani ba.

Lambar da kake nema a kwali baza ka ganta ba. A da, zamanin Windows 7, in ka kifa laftof zaka ga wata sitika a ƙasanta ko a cikin ramin batir, da haruffa da lambobi 25, biyar biyar kashi biyar, wannan shi ne makullin lasisi. Matsalar sitikar nan tana gogewa da zafi da gogar cinya, sannan duk wanda ya ɗaga kwamfutarka zai iya kwafe lambar ya tafi da ita. Tun daga Windows 8 da ta fito a 2012 aka daina haka, kamfani yana dasa makullin ne a cikin BIOS, wato manhajar da ke dashe a jikin modabod (babban allon da kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kai), Windows tana karanto shi da kanta. Ƙaramar sitikar Windows mai ƙyalli da wasu ke zuwa da ita yanzu babu lamba a jikinta.

Shi kuma abokinka ba daga iska ya ɗauko maganar wata ɗayan ba. Windows XP ta 2001 ita ta fara zuwa da wannan tsari, kuma a lokacin kwana 30 ake ba mutum, in bai yi ba ta hana shi shiga. Yanzu ba haka bane. Windows 10 ko 11 da ba a yi wa aktibeshan ba tana aiki, sai dai zaka ga rubutu a ƙasan allo ta dama yana cewa Activate Windows, kuma zata hana ka canza hoton fuskar allo da launuka.

Kar ka tsaya a maganata, duba da idonka. Shiga Settings, ka danna System, ka gangara zuwa Activation. In ka ga an rubuta Active, kuma da ka buɗe ka ga maganar digital license, ka gama. Mai Windows 10 kuma Settings, sai Update & Security, sai Activation. In ka haɗa intanet ka jira kaɗan bata yi ba, duba agogo da kwanan watan kwamfutar tukuna domin in sun kauce aktibeshan na iya ƙi, ka gyara ka sake kunna ta, in ta ci gaba da ƙi akwai Troubleshoot a wannan shafin ka danna.

TAMBAYA: Malam tawa fa daban ce. Sabuwa na saya, mai shagon ma shi ya saita min komai ya miƙo min, na yi watanni ina aiki lafiya, yanzu kullum sai wani akwati ya fito wai lasisin Windows ɗina ya kusa ƙarewa. Ya za a yi lasisin sabuwar kwamfuta ya ƙare? Daga wata mai karatu.

AMSA: 'Yar uwa wannan tambayar taki ita ce ta fi damuna, domin mutane da yawa suna cikin wannan hali basu sani ba. Lasisin da ya zo daga kamfani baya ƙarewa, yana nan iya rayuwar kwamfutar. Duk Windows ɗin da ke ce miki ya kusa ƙarewa, to kusan tabbas ba na kamfani bane, wani ne ya ɗora shi.

Ga yadda abin yake faruwa. Ba kowace sabuwar kwamfuta ce ke zuwa da Windows ba, akwai waɗanda kamfani ke fitarwa da FreeDOS ko Ubuntu, wato wasu manhajoji na kyauta a madadin Windows, ko ma babu komai, sun fi araha saboda babu kuɗin lasisi a ciki. Sai mai sayarwa ya ɗauko filashi ya ɗora Windows ya yi mata kirak, wato aktibeshan na bogi, ya ce miki ga ta nan da Windows. Yawancin kirak ɗin nan suna kwaikwayon wani tsari ne da ake kira KMS, wanda Microsoft ta yi wa manyan ma'aikatu da makarantu masu kwamfutoci da yawa, shi kuma kwana 180 yake yi sai an sabunta. A ma'aikata kwamfutar tana sabuntawa da kanta daga sabar wajen, wato babbar kwamfutar ma'aikatar, amma ke da kike gida babu wannan sabar, sai dai wata 'yar manhaja da aka ɓoye miki a ciki take sabuntawar, in antibairos ya kama ta ya goge ko wani abu ya taɓa ta, kwanakin na cika sai akwatin nan ya fara fitowa. Lissafa watannin da kika yi ki gani, mai yiwuwa ki samu wajen shida ne ko fiye.

Ki gwada wannan, ba wuya. Danna maɓallin Windows tare da R, ƙaramin akwati zai fito ta ƙasa, rubuta slmgr /xpr ki danna Enter. In na gaske ne zai ce The machine is permanently activated. In ya kawo miki kwanan watan ƙarewa da kalmar Volume, kin ga inda aka taɓa. Sai ki sake rubuta slmgr /dli, a layin bayanin zaki ga OEM in na kamfani ne, RETAIL in saye aka yi daban, VOLUME_KMSCLIENT in irin wanda nake faɗa ne.

Shawarata ki koma wajen wanda ya sayar miki da rasit ɗinki, ki duba takardar jikin kwali inda aka jera bayanan kwamfutar, a nan ake rubuta ko da Windows ta fito ko FreeDOS. In ya ce miki da Windows ya sayar, haƙƙinki ne ya sa miki na gaske. Abin da bana so ki yi shi ne ki kai a sake kirak ɗin. Waɗannan manhajojin kafin a sa su sai an kashe tsaron kwamfutar, kuma ba ki san me aka cusa a cikinsu ba, ga shi a kwamfutar nan kike shiga imel da banki da hotunan iyalinki. Wallahi gara ki zauna da rubutun Activate Windows a gefen allo har Allah ya hore miki na sayen lasisi, domin ko a haka Windows 11 tana karɓar sabuntawar tsaro.

TAMBAYA: In na yi fomatin, lasisin ya tafi kenan?

AMSA: A'a bai tafi ba, yana modabod ba a hard disk (ma'ajiyar bayanan kwamfuta) yake ba, ko hard disk ɗin ka cire ka sa sabuwar ma'ajiya irin SSD yana nan. Sharaɗi ɗaya ne, ka mayar da irin wanda ta zo da shi. Windows iri-iri ce, akwai Home akwai Pro, in Home ce ka sa Home. Nan ne ake yawan ɓata wa mutane, mai gyara sai ya ga Pro ta fi suna ya ɗora Pro a kan kwamfutar da lasisinta na Home ne, makullin Home kuma baya buɗe Pro, sai ta ƙi aktibeshan shi kuma ya ɗauko kirak, ka ga an karɓe maka na halak an ba ka na bogi kana ta godiya. Kafin ka miƙa wa kowa ka duba wacce kake da ita ka faɗa masa da bakinka. In wajen sakawa ta tambayi lamba ka zaɓi I don't have a product key, in ta hau intanet zata gane kanta. Modabod in ya ƙone aka canza, nan ne ake samun cikas, shi yasa yana da kyau ka shiga da asusunka na Microsoft tun yanzu lasisin ya haɗu da shi, ko da yake lasisin kamfani na wannan kwamfutar ne, ba a ɗauke shi a kai wata.

TAMBAYA: Windows ɗina ya nuna Active amma Word da Excel suna ce min sai na biya, sun hana ni rubutu. Me ke faruwa Malam?

AMSA: Abu biyu ne daban, kowa da lasisinsa. Word da Excel suna cikin Office ne, kuma Office ɗin da ke zuwa a yawancin sababbin kwamfutoci na gwaji ne, Microsoft 365, wata ɗaya yake yi sai ya koma ka iya buɗe takarda ka karanta amma ba gyara. Wasu kwamfutocin kam suna zuwa da Office da aka biya, in haka ne zaka ga an rubuta a kwali, sai ka buɗe Word ka shiga da asusun Microsoft ka karɓa. In ba haka ba ko dai ka biya, ko ka yi amfani da Word na cikin burauza wanda kyauta ne, ko ka sauke LibreOffice shi ma kyauta, yana buɗe takardun Word da Excel.

TAMBAYA: MacBook fa?

AMSA: Babu makullin lasisi a macOS, manhajar da MacBook ta Apple ke zuwa da ita, haka Chromebook, haka Ubuntu. Sai dai in MacBook ta hannu zaka saya ka tabbatar mai ita ya fita daga asusunsa na Apple ya kashe Find My, wato tsarin neman na'urar da ta ɓata, a gabanka, in ba haka ba ranar da ka goge ta zata tsaya tana neman fasuwod ɗinsa.