Amsa: Shin Sarauniya Salote ta Tonga 'yar amshin shatar Turawa ce?

Malam, ka tambaya ko Salote Tupou ta Uku sarauniyar suna ce kawai, Turawan Ingila ke juya ƙasar. Gaskiya ban yarda da haka ba.

E, daga 1900 Tonga, ƙasar tsibirai a Tekun Pasifik, ta kasance ƙarƙashin kariyar Ingila, kuma harkokin waje a lokacin suna hannun Turawa. Amma mulkin cikin gida bai bar fadar Nuku'alofa, babban birnin ƙasar, ba. Salote ta hau gado a 1918 tana da shekara 18, bayan rasuwar mahaifinta, George Tupou na Biyu. A shekarar ce annobar mura ta yi wa tsibiran mummunar ɓarna, ga manyan gari suna ganin yarinya ce ba za ta iya ba. Aurenta da Viliami Tungi, wanda ya zama firaminista daga 1923 zuwa 1941, ya haɗa manyan gidajen sarauta, ya ƙara mata ƙarfi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta riƙe al'ada. Da kanta take tsara waƙoƙin lakalaka, wata rawar gargajiya ta Tonga, ta kuma sa aka tattara asalin zuri'o'i a rubuce.

A 1953, wajen naɗin Sarauniya Elizabeth a Landan, ana tafka ruwa, baƙi suka rufe keken dokinsu. Salote ta ƙi, ta zauna a buɗe tana murmushi tana ɗaga wa jama'a hannu, don a al'adarsu girmamawa ce ga wadda ake wa biki.

Ta rasu a 1965, ɗanta Taufa'ahau ya gaje ta, kariyar Ingila ta ƙare a 1970.