Ba matsowa kusa da rana ke kawo zafi ba

Ɗan'uwa ka tambaya ko duniya ce ke matsowa kusa da rana shi yasa ake zafi, in ta ja baya kuma sanyi ya shigo. A'a, ba haka abin yake ba. Karkacewar duniya ce ke kawo wannan sauyin, don ba a miƙe take juyawa ba, a ɗan kishingiɗe take da kusan digiri 23.4, to ɓangaren da ya karkato wajen rana hasken na sauka masa kai tsaye kuma yini ya yi tsawo sai zafi, ɗayan kuwa a kaikaice hasken ke zuwar masa ga yini gajere, sai sanyi.

Ka duba wannan, a farkon Janairu ne ma duniya ta fi kusa da rana, wajen kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma ta fi nisa, wajen miliyan 152, amma a Janairun nan Rasha da Kanada na fama da dusar ƙanƙara alhali Ostareliya da Ajantina suna tsakiyar zafi, da nisa ne ai da tare kowa zai ji sanyi. Ni da tocila nake nuna wa yara su gane, ka haska bango kai tsaye za ka ga hasken ya taru waje ɗaya da ƙarfi, ka karkatar da ita sai ya bazu ya yi rauni, haka zafin rana yake yi wa ƙasa.