Tambaya da Amsa: An ce sai na biya kafin a duba littafina

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne mai ritaya a Daura. Na daɗe ina tattara bayanai a kan fatauci tsakanin Daura da Damagaram, na yi hira da tsofaffin fatake, wasu ma sun riga mu gidan gaskiya. Na kammala babi biyu da Hausa. Wani ya same ni ta WhatsApp, ya ce shi wakilin wani kamfanin wallafa ne na Ingila, in tura masa N800,000 kuɗin duba furofozal da rajista, zai sa a buga littafin a can. Kuɗin sallamata ne kaɗai a hannuna. Ina kuma tsoron in aika wa wani kamfani aikin a sace. Wallahi abin ya hana ni barci. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara lafiya. Kada ka tura masa ko sisin kwabo. Kamfanin wallafa na gaskiya ba ya karɓar kuɗi don ya karanta furofozal.

Bari in fara da abin da ke hannunka, domin ka fi kusa da inda za ka fiye da yadda kake zato. Ƙagaggen labari sai an gama shi ake kai wa kamfani, amma littafi irin naka ana iya karɓarsa tun bai kammala ba. Abin da edita ke son gani, wato furofozal, shi ne shafi ɗaya ko biyu da ke faɗin abin da littafin ya zo da shi, sai jerin babobi kowanne da ɗan bayaninsa, sai babi ɗaya ko biyu a matsayin samfuri, da kiyasin yawan kalmomi, da lokacin da za ka gama, da dalilin da ya sa kai ne ka cancanci rubuta shi. Babobinka biyu sun isa samfuri, in ka tace su sosai.

Wuri biyu mutanenmu suka fi tuntuɓe. Ana tambayarsu wa zai sayi littafin, sai su rubuta "kowa da kowa". Edita na ganin haka ya san marubucin bai zauna ya yi tunani ba. Ka ambaci sassan Hausa da Tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Dutsin-Ma da Bayero da Ahmadu Bello, da ɗaliban Damagaram da Yamai, da zuriyar fataken kansu. Na biyu shi ne cewa "ba a taɓa rubutu a kan wannan ba". An taɓa. M. G. Smith ya fitar da The Affairs of Daura a 1978. Ka ambace shi, ka nuna cewa shi tsarin sarauta da mulki ya fi mai da hankali a kai, kai kuwa daga bakin fatake ka ɗauko naka. Nan ƙarfinka yake.

To, mu koma kan mutumin nan naka, don wannan ce cutar da nake fama da ita kusan kullum. Ya zauna a zukatan mutane cewa marubuci ne ke biyan kamfani. Malamai, ma'aikata masu ritaya, har da masu digiri na uku, duk haka suka ɗauka, shi ya sa 'yan damfara ba sa shan wahala da mu. Kamfanin wallafa ɗan kasuwa ne, shi ke zuba jari. Shi zai biya edita, ya biya mai tsara shafuka da mai zanen bango, ya sayi takarda, ya buga, ya adana, ya rarraba a shaguna da makarantu. In littafin bai tafi ba, shi ya yi asara. In ya tafi, ya ba ka kasonka, wanda galibi kashi 10 cikin 100 ne ko kusa da haka. Furofozal kuwa takardar da za ta gamsar da shi ce cewa jarinsa zai dawo. Wanda ya riga ya karɓi N800,000 daga hannunka, me zai sa ya damu ko an sayi kwafi ɗaya? Ai ya gama cin ribarsa tun kafin a sa takarda a inji.

Wakilan marubuta akwai su a Ingila da Amurka, sana'a ce mai mutunci. Amma kashi 15 cikin 100 suke ɗauka daga abin da kamfani ya biya marubuci, kuma bayan an ƙulla yarjejeniya. Kai mutumin Daura ne, ka san dillali a karar Mai'aduwa: sai ciniki ya faɗa yake karɓar la'ada, ba ya cewa a biya shi kafin ya kalli sa.

Duba yadda abin ya zo maka. Shi ya neme ka, alhali editoci takardu ne jibge a gabansu sun rasa lokacin karantawa. Ina da yaƙinin ya yabi littafin, kuma bai karanta ko shafi ɗaya ba. Rubutun da Hausa yake, wane kamfani ne a Ingila zai zuba jarinsa a littafin da masu karanta shi suna Katsina da Kano da Maraɗi? Nemi lambar asusun da za a tura kuɗin, za ka tarar sunan mutum ne, ba na kamfani ba. Kuma in ka biya na farko ba ka huta ba: gobe kuɗin fassara, jibi kuɗin talla, gata kuɗin fito da kaya daga kwastan, har sallamar ta ƙare, ya kashe waya.

Na gida ma ba su bar mu ba. Mutum yana da shagon kwamfuta da injin ɗab'i, ya kafa allo ya kira kansa kamfanin wallafa. Ba edita, ba mai duba ƙa'idojin rubutu, ba hanyar rarrabawa. Ya zuga dattijo ya sayar da fili, da cewa ranar ƙaddamarwa manya za su mayar masa ninki biyu. A taru a yi jawabai, a yi alƙawura a lasifika, rabinsu ba za a cika ba, kwalaye su koma ɗaki gara ta ci. Abin na ƙona mini rai, domin dukiyar tsufan mutum ce, kuma mai karɓar ya san inda abin zai ƙare. Masu wannan hali su ji tsoron Allah.

Kada ka fahimce ni a baibai. Mutum ya buga littafinsa da kuɗinsa ba aibi ba ne, da haka marubutan Kano suka cika kasuwa da littattafai tun shekarun 1980. Amma a nan kai ne mai kaya: ka san farashin takarda, ka san kwafi nawa za a buga, duk kwafin naka ne, haƙƙin mallaka naka ne. Haka kuma wasu maɗaba'un jami'a sukan nemi marubuci ya tallafa da kuɗin ɗab'i, sai dai bayan masana sun duba aikin sun amince, a rubuce, kuma a asusun hukuma. Batun "rajista" kuwa, lambar ISBN Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da ita a Nijeriya, kuma mai wallafawa ne ke nemanta. Lambar shaida ce ta kasuwanci, ba lasisin rubutu ba ce.

Inda ya dace ka nufa: kamfanin NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) na Zariya, wanda ke wallafa littattafan Hausa tun 1966, da maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello, da ta Jami'ar Bayero, da University Press na Ibadan. Ka fara rubuta musu gajeriyar wasiƙa ka tambayi ko suna karɓar irin wannan aiki yanzu, da tsarin da suke so. 'Yan ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Katsina za su gaya maka wanda ke biyan marubuta da wanda ba ya biya. Ka kuma shirya jira na watanni.

Tsoron sata kuwa, ka rage shi. A dokar haƙƙin mallaka ta 2022, rubutu na zama naka da zarar ka rubuta shi, rajista ba sharaɗi ba ce. Doka ba ta kare maudu'i, kowa na iya rubutu a kan fatauci, amma jimlolinka naka ne, hirarrakin nan kuma ba mai su sai kai. Ka aika ta imel don kwanan wata ya zama shaida, ka kwafe muryoyin ka ajiye a wuri biyu. Inda ake ƙwace wa marubuci aiki da gaske shi ne takardar yarjejeniya, domin doka ta ce miƙa haƙƙi sai a rubuce, kuma da hannunsa yake sa wa. Ka duba shekara nawa za su riƙe littafin, a waɗanne ƙasashe, wa ke da ikon fassara shi zuwa Turanci ko Faransanci, sau nawa a shekara za su kawo maka lissafin ciniki, kuma in sun daina bugawa yaushe haƙƙin zai dawo hannunka. Ka ba lauya ya karanta kafin ka sa hannu. Shi kuwa wancan mutumin, kada ka goge saƙonninsa da lambar asusun da ya ba ka, in ya ci gaba da matsa maka ka kai su ofishin EFCC.