Amsa: farantin gaba (wanda feda ke juyawa) mai haƙora 34 ko 32 don tseren keke a duwatsu?

Ɗan uwa, ka ce tseren na kwana huɗu ne, hawa da gangara, kuma giyar kekenka ta baya mai haƙora 10 zuwa 51 ce. Ni dai 32 zan ce, in ƙafarka ba ta saba da hawa ba ma, 30, don ƙarancin haƙora a gaba shi ke sauƙaƙa hawa.

A ranar farko 34 daɗi gare shi. Rana ta uku ce abin ji, cinya ta yi tsami, ga tudu a gaba, ka nemi giya mai sauƙi ka tarar ta ƙare. Gudu kuwa ba ka rasa komai ba: da 32 a gaba, 10 a baya, taya inci 29, feda na juyi 90 a minti, kana kusan kilomita 40 a awa. Wa ke wuce haka a kan tsakuwa?

Mu nan Damagaram shimfiɗar hanya kan ruɗe mu. Shiga rairayin wajen Mirya ka gwada, yana cin ƙafa kamar tudu.

In ka sauya farantin, a duba maka tsawon sarƙa, kuma ka hau keken sati biyu kafin tafiya.