Digiri na biyu a kwamfuta ana kan aiki

Malam, ka tambaya ko mai zuwa ofis Litinin zuwa Juma'a zai iya kammala digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta. Ƙwarai kuwa, za ka iya. Sai dai ba darussan Asabar ne ke kayar da mutane ba, binciken ƙarshe ne.

Ni nawa, daga matsalar rumbun bayanan ofishinmu na ɗauko shi, bayan shugabana ya ba ni izini a rubuce. Kullum bayan sallar Asuba nakan yi awa ɗaya a kansa kafin yara su tashi. Don Allah ka riƙa kai wa malaminka abin da ka rubuta duk wata, komai ƙanƙantarsa. Abokaina da suka jira hutun shekara har yanzu suna babi na biyu.