Yaya, ga amsar “talofa” ɗin da kika tambaya

Kin ce autana ya gaishe ki a waya da wata kalma, har kika ɗauka yaron ya fara sakin Hausa. Kwantar da hankalinki, Yaya. Talofa ya ce, wato sannu a harshen mutanen Tubalu, kuma a bakin maƙwabta ya tsince ta. Unguwarmu a yammacin Oklan, nan Niyu Zilan, cike take da su. Ƙasarsu tsibirai tara ce a tekun Fasifik, babban birninta Funafuti, mutanenta ba su wuce dubu 11 da 'yan kai ba. Sun samu 'yanci daga Ingila a 1978. Sunan ma lissafi ne: su Tuvalu suke cewa, kuma valu takwas ke nan, don tsibirai takwas ne asali ke da mutane.

Mu Hausawan nan ba mu taka kara mun karya ba, ɗan yatsa ya ƙirga mu. To wanda ba shi da dangi kusa, maƙwabci ne danginsa, shi ya sa muka koyi 'yan kalmominsu. Fakafetai, na gode. Fakamolemole, don Allah. Tofa, sai an jima. Gida fale, kifi ika, kwakwa niu.

Wadda ta ba ni kunya ita ce kai. Farkon zuwana wata tsohuwa ta miƙo min kwano tana cewa “kai, kai”. Na tsaya turus, ina cewa a raina me na yi wa baiwar Allah take tsawata min, kuma ni mace a ce min kai? Ashe ci take nufi. A kwanon akwai pulaka, ɗan'uwan gwaza ne da suke nomawa a cikin rami, an dafa da madarar kwakwa. Yanzu ta san ba ma cin alade, sai ta ware mana kifi a tukunya daban tun ban roƙa ba.

Abin da zai fi ba ki mamaki shi ne kalmomin zumunta. Mu yaya da ƙane muke rabawa, wa ya girmi wa. Su jinsi suke dubawa. Ke a wurina taina ce, tunda mata muke, amma ɗan'uwanmu namiji tuagane ne. Kuma kalmar ta haɗa har da 'ya'yan kawu da na goggo, waɗanda tsakanin mace da namiji kunya ce mai tsanani, ba a wasa, balle zancen aure. Ranar da na ba tsohuwar labarin wasan taubasai, na ce mata mijina ɗan goggona ne, sai ta ajiye cokali ta dube ni kamar na ce na auri wana. Har yau in ta ga Malam sai ta yi murmushi ta kau da kai.

Idan yaron ya sake kira ya ce talofa, ki mayar masa da talofa, sannan ki sa shi ya durƙusa ya ce ina kwana, don ni ma kullum faɗan da nake yi ke nan.