Python ɗina bai wuce na koyo ba, za a ɗauke ni a ƙungiyar bincike?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku a sashen ƙididdiga a Zariya. Ina jin labarin shirye-shiryen da ake haɗa ɗalibai da malami mai jagora su yi binciken kimiyyar bayanai tare. Python ɗina bai wuce na koyo ba. Za a ɗauke ni kuwa? Kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Za a iya ɗaukarki, kuma karatun ƙididdigar da kike yi jari ne babba. Yaren kwamfuta irin Python ana koyonsa cikin 'yan watanni, amma gane cewa samfurin da aka ɗebo bai wakilci jama'ar da ake magana a kansu ba, wannan sai wanda ya zauna a aji irin naku.

Shirye-shiryen iri-iri ne. A jami'ar Duke ta Amurka akwai Data+, inda ake raba ɗalibai ƙananan ƙungiyoyi su yi mako 10 a hutun bazara a kan aiki guda, da ɗalibin babban digiri yana duba su. A jami'ar Berkeley ta Amurka kuwa cikin zangon karatu ake yi, ɗalibi ya samu maki. Akwai kuma Data Science for Social Good da Rayid Ghani ya kafa a jami'ar Chicago a 2013. Sai dai ki karanta sharuɗɗa kafin ki cike fom: shirin REU na binciken ɗaliban digirin farko, na hukumar kimiyyar Amurka, misali, na 'yan ƙasar ne da masu izinin zama na dindindin.

Ni da zan ba ki shawara, daga gida za ki fara. Arewa Data Science Academy na koyar da Python da koyon na'ura ta intanet, da masu jagora. Masakhane, ƙungiyar masu binciken harsunan Afirka da aka kafa a 2019, ƙofarta a buɗe take ga mai son ba da hannu. Kundin NaijaSenti da ya fito a 2022, mai ɗauke da saƙonnin Twitter kusan 30,000 a kowane harshe, Hausa da Ibo da Yarbanci da Fijin, Shamsuddeen Hassan Muhammad na jami'ar Bayero ne ya jagorance shi. Idan kin gama digiri, sai ki duba AMMI, digiri na biyu a fannin koyon na'ura da cibiyar ilimin lissafi ta Afirka, AIMS, ta buɗe a Kigali a 2018.

Yanzu bari in gaya miki abin da mai jagora ke dubawa, don nan ne ɗalibai suka fi kuskure. Ba jerin satifiket yake nema ba, so yake ya ga ƙaramin aiki guda da kika kai ƙarshensa da hannunki. Domin mafi yawan lokacin bincike a wankin bayanai yake tafiya. Za a miƙo miki rajistar asibiti ki tarar an rubuta ƙaramar hukuma ɗaya iri uku: "Sabon Gari", "S/Gari", "Sabongari". Ki ga majinyaci mai shekara 999, saboda haka mai shigarwa yake cike gurbin da bai sani ba. Ki ga kwanan wata 03/04, ki rasa ko uku ga Afrilu ne ko huɗu ga Maris. A rubutun Hausa abin ya fi haka: mutane ba sa sa ƙugiya a waya, sai "kasa" ta zo miki, ko ƙasar haihuwa ce, ko gazawa, ko macijiya, ko kasa tumatir a kasuwa. Ɗalibar da ta lura da irin wannan, ta rubuta yadda ta warware shi da dalilinta, ita nake ɗauka tun kafin in tambayi makinta.

To ki yi hakan cikin hutun nan. Ki ɗauko bayanan da ke a buɗe, kamar na farashin abinci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa, ki wanke su, ki zana jadawali biyu ko uku, ki ɗora a GitHub, shafin intanet da ake ajiye ayyukan kwamfuta, da bayanin shafi ɗaya. Sannan ki rubuta wa malamin gajeriyar wasiƙa: ki ambaci takardarsa da kika karanta, ki nuna aikinki, ki faɗi awa nawa za ki iya bayarwa a mako tsakani da Allah. Kada ki ce ashirin alhali jarrabawa na gabanki.

Idan an karɓe ki, tun zaman farko ki tambayi sau nawa za ku riƙa haɗuwa, da ko sunanki zai fito idan an wallafa sakamakon. Ba rashin kunya ba ne, kuma na ga ɗalibai sun yi kuka a kan wannan don sun ji nauyin tambaya. Bayanan marasa lafiya kuwa amana ce, ba a tura su ta WhatsApp ko a bar su a filashin da ake ara wa ƙawaye.

In kin maƙale a wani wuri, kada ki ɓace sati uku don kunya. Ki turo saƙo ranar: ga abin da na gwada, ga kuskuren da kwamfuta ta nuna, ga inda nake zargi. Sau da yawa minti goma ya isa mai jagora ya gano matsalar. Allah ya ba da sa'a.